Yadda ɗalibin musaya ke zama ɗan gida a hannun masu masaukinsa a Amurka

Tun daga shekarar 2003 aka fara ɗibar yara 'yan sakandare daga Najeriya, da yawansu 'yan jihohin arewa, ana kai su Amurka su yi shekara guda ta karatu. Sukan tafi a watan Agusta, su dawo a watan Yuni. Tsawon wannan lokaci kowane yaro yana zaune ne a gidan wasu mutane da bai taɓa gani ba, yana cin abin da suke ci, yana tafiya makarantar unguwarsu. Iyaye da yawa idan suka ji wannan sai gabansu ya faɗi, kuma suna da hujja. Amma wanda ya san yaran da suka je suka dawo, ya san da yawansu har yau suna kiran wata dattijuwa a Iowa da sunan Mama, suna aika mata hoton ɗaurin aurensu. Ya dace a fahimci yadda irin wannan zumunci yake ƙulluwa.

Sunan shirin YES, kuma yana ɗauke da sunayen sanatoci biyu da suka tsaya masa, Edward Kennedy da Richard Lugar. Majalisar dokokin Amurka ce ta kafa shi a 2002, bayan harin 11 ga Satumba na 2001, da nufin kawo matasa daga ƙasashen da ke da Musulmi masu yawa domin a san juna ido da ido. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ce ta ɗauki nauyinsa. Ghana da Kamaru da Senegal da Mali duk sun shiga ciki. A Najeriya an daɗe ana gudanar da shi ta hannun wata ƙungiya mai suna IRIS da ke garin Ames a jihar Iowa, shi ya sa sunan wannan jiha ta masu noman masara ya zauna a bakin tsofaffin ɗaliban. Musulmi da Kirista duk an ɗauka. Dabarar saukar da ɗalibi a gidan mutane kuwa ta girmi YES nesa ba kusa ba, domin ƙungiyar AFS, wadda ta samo asali daga direbobin motocin ɗaukar majinyata a yaƙin duniya na farko, ta fara irin wannan musaya tun 1947.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, ba a biyan masu masaukin. Dokar da ta shafi bizar J-1, wadda yaran suka riƙa shiga ƙasar da ita, ta hana a ba iyali kuɗi don sun karɓi ɗalibi. Su ne za su ba shi gado nasa na kansa da abinci sau uku a rana daga aljihunsu. Kafin a amince da gida, ana binciken tarihin duk wanda ya kai shekara 18 a cikinsa, ana zuwa a duba gidan, ana jin ta bakin waɗanda suka san iyalin. Idan ɗalibi zai raba ɗaki da wani, sai dai mutum ɗaya kuma jinsinsu ɗaya. Ba a yarda a karɓe fasfonsa ba, ba a yarda a hana shi magana da iyayensa ba. Akwai kuma jami'i na yankin da aka ɗora wa alhakin tuntuɓar yaron kowane wata. Waɗannan ƙa'idoji sun tsare lafiyar yaro daidai gwargwado, amma iyakarsu ke nan. Ba su isa su sa mutum ya so wani ba.

Rashin biyan nan shi ne tushen komai. Wanda ya karɓi kuɗin haya, ɗan haya ya samu. Wanda ya buɗe ƙofarsa kyauta kuwa, ɗa yake nema, kuma zai yi masa abin da yake yi wa 'ya'yansa. A nan ne ɗan Bahaushe ke fara tuntuɓe, domin tarbiyyarmu ta koya masa yadda baƙo yake zama: ya kame, ya rage magana, kada ya taɓa abin da ba a miƙa masa ba, idan an yi masa tayi ya ce ya ƙoshi har sai an matsa. A gidan Ba'amurke, idan uwar gida ta tambaye shi ko yana jin yunwa ya ce a'a, ta yarda ke nan, ta mayar da abincin firji. Yaro ya kwana da yunwa yana ganin an yi masa rowa, ita kuma ta kwanta tana tunanin girkinta ne bai yi masa ba. Haka ma sunkuyar da kai. Mu a wajenmu ladabi ne yaro ya kawar da ido idan babba yana magana, su kuma sai su ɗauka yana ɓoye wani abu ko bai damu da maganar ba. Ya shige ɗaki ya rufe ƙofa don kada ya takura musu, su fassara shi da cewa ba ya son zama da su. Makonnin farko sukan tafi a kan irin wannan, kowa yana kyautata wa ɗan'uwansa ta hanyar da ɗayan bai gane ba.

Abin da ke warware ƙullin yawanci ƙaramin abu ne. Ranar da aka ce wa yaro yau shi ke da wanke kwanuka, ko fitar da shara, ko kwashe ƙanƙarar da ta rufe ƙofar gida, ranar ce ya fara zama ɗan gida. Namijin da a gidansu bai taɓa shiga kicin ba yana iya jin an raina shi, alhali an sa shi ne a layin 'ya'ya. Mu ma mun san wannan a riƙo: yaron da gwaggo ta ɗauka, muddin ana lallaɓa shi ba a aikensa, bai zama nata ba tukuna, sai ranar da ta aike shi niƙa ta kuma yi masa faɗa don ya daɗe. Ni a ganina, ɗalibin da ya fahimci wannan da wuri ya ci rabin shekararsa.

Sai batun suna. Amurkawa da yawa za su ce wa yaro ya kira su da sunansu na yanka, abin da bakin ɗan Hausa ba zai iya ba a gaban sa'ar mahaifiyarsa. Wasu yaran sukan yi makonni suna kewaye-kewaye, ba sa kiran kowa da komai. Daga baya sai a daidaita a kan Mama da Baba, ko makamancinsu a Turanci, kuma masu masauki da dama suna jin daɗin wannan fiye da yadda yaron yake zato.

Addini da abinci su ne abin da iyaye a gida suka fi tambaya, kuma gaskiyar magana nauyin yana kan yaron ya buɗe baki. Yawancin iyalan Kiristoci ne, wasu ba ruwansu da addini, da yawa kuma a ƙananan garuruwa suke inda masallaci ke da nisa. Ƙa'idar ƙungiyoyin da ke kula da yaran ita ce ba a tilasta wa ɗalibi zuwa coci, ba a kuma yi masa wa'azin sauya addini. Amma matar da ba ta taɓa zama da Musulmi ba, ba lallai ta san akwai naman alade a cikin wasu kayan da ta saba saye ba, ko ta san me ya sa ake jin motsin ruwa a banɗaki kafin gari ya waye. Idan aka yi mata bayani a natse tun farko, sau da yawa ita ce za ta riƙa karanta bayan gwangwani a kanti, ita ce za ta je makaranta ta nemo wa yaron wurin da zai yi azahar. Haka batun kare, wanda a can ɗan ɗaki ne mai hawa kujera. Yaron da ya ce yana roƙon kada kare ya shiga ɗakin da yake salla, da wuya a ƙi masa. Wanda ya yi shiru yana ta ƙyama a ɓoye, shi ne ke shan wahala.

Bukukuwa su ne lokacin da wannan zumunci yake fitowa fili. A ranar Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba Amurkawa ke bikin godiya, inda dangi ke haɗuwa daga nesa a kan gasasshen talotalo. A nan ne ake gabatar da yaron ga kakanni da kawunnai, kuma yadda aka gabatar da shi yana gaya masa matsayinsa: akwai bambanci tsakanin a ce ga ɗalibin da ke zaune da mu, da a ce ga ɗanmu. A cikin wannan watan ne kuma ake makon ilimin ƙasa da ƙasa, inda ɗaliban ke sa babbar riga ko atamfa su tsaya gaban aji su yi bayanin ƙasarsu. Kirsimeti na zuwa da musayar kyaututtuka, shi ya sa masu dabara suke ajiye wani abu daga tsarabar da suka zo da ita, hula ko jakar fata ko turmin zane, maimakon su rabar duka a ranar farko.

Amma bikin da na fi ba muhimmanci shi ne wanda yaron da kansa yake kawowa. Ranar salla a ƙaramin gari a Amurka rana ce kamar kowace, motar makaranta za ta zo, babu kiɗa, babu yawon salla, babu ƙamshin suya daga maƙwabta. Kewar gida takan yi tsanani a wannan rana fiye da kullum. Yaron da ya sanar da masu masaukinsa tun da sauran lokaci, ya nemi a kai shi idi ko da tafiyar awa guda ce, ya shiga kicin ya dafa musu dafa-duka ko ya tuƙa tuwon shinkafa da miyar gyaɗa, ya sauya matsayinsa a gidan. Wata da watanni shi ake ba, yau shi ya bayar. Abota ba ta tsayawa idan hannu ɗaya ne kullum a sama. Akwai iyalan da ke tashi sahur tare da ɗalibinsu don kada ya ci shi kaɗai, wasu har su gwada azumin yini ɗaya. Ba a rubuta wannan a wata takarda ba, kuma ba a samunsa sai yaro ya bari an ga abin da yake da daraja a wurinsa.

Ba kowane haɗi ne ke yin kyau ba. Wani lokaci jini bai haɗu ba, wani lokaci gidan ne ya shiga matsalar rashin lafiya ko rashin aiki. Tsarin ya tanadi a sauya wa ɗalibi gida, kuma neman haka ba butulci ba ne. Duk yaron da ya ga abin da bai kwanta masa ba, musamman abin da ya shafi mutuncinsa, ya gaya wa jami'in yankin nan take, kada kunya ta rufe masa baki.

Bayan an dawo, zumuncin yana bukatar aiki. Tsakanin Kano da Iowa akwai tazarar awa 6 ko 7 gwargwadon lokacin shekara, harka ta yi yawa, saƙo ya fara jinkiri. Waɗanda suka riƙe shi su ne waɗanda suka mai da shi na iyali biyu, aka haɗa uwar Kaduna da uwar Amurka a waya ko da gaisuwa ce kawai ake fassara musu.

Don haka iyayen da ɗansu ya samu irin wannan dama, ku yi masa nasihar salla da kamun kai kamar yadda kuka saba, sannan ku ƙara masa da abin da ba mu cika faɗa ba: idan yana jin yunwa ya ce yana ji, idan bai gane ba ya tambaya, idan an ba shi tsintsiya ya karɓa. Ku koya masa girki ko da kala biyu ne kafin ya tafi, mace ko namiji. Ku kuma rubuta wa mutanen da za su ciyar da shi wata goma ba tare da an biya su ba, ku yi musu godiya da sunanku.