Manoman Gwarzo da Kabo, a daina tone kututturen magarya

Sharar gona ta kama, kuma akwai ɓarnar da ya kamata a tare tun kafin ruwan shuka ya sauka. Ana sare magarya, a jibga kara a kan kututturen a cinna wuta. Wasu ma da diga suke bin saiwar su tono ta, don itacen girki ko gawayi. Sara kaɗai ba ya kashe magarya, kowa ya san tana sake tofowa. Wuta a gindi da tonon saiwa, su ne ke raba gona da ita kwata-kwata.

Hujjar masu yin haka ba ɓoyayya ba ce: ƙaya tana soke ƙafa, kututture yana tare garmar shanu. Haka ne. Amma saiwar nan da ake haƙowa tana nutsawa ƙasa sosai, ita ke riƙe bakin rafi da gefen kwazazzabo. In aka cire ta, ruwan Agusta ya sami hanya, ya kwashi ƙasar noma ya gangara da ita rafi, ta je ta kwanta a madatsun ruwa irin Guzuguzu da Magaga, inda 'yan noman rani suka dogara. Ga 'ya'yanta da ke nuna da hunturu, yara su tsinta, mata su daka su yi tuwon magarya na sayarwa. Awaki na cin ganyenta a tsakiyar rani. Ƙayarta ce shingen lambu. Ganyen kuma, kada a manta, da shi Sunna ta koyar a wanke mamaci.

'Yan'uwanmu na jihar Maraɗi a Nijar sun taɓa share gonakinsu ƙal, iska ta riƙa binne musu shuka da yashi. Daga 1983, wani malamin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya soma jan hankalinsu ga kututturan da ke da rai a ƙasa. Sassabin zamani suke ce wa aikin: a zaɓi tofo biyu ko uku masu ƙarfi, a sassabe sauran. Da wannan aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, ba tare da dashe ba.

Dagatai da masu unguwanni daga Getso har Garo, a sa sankira ya yi shela a kasuwa. Limamai su faɗa ranar Juma'a. Mai ɗaukar 'yan ƙwadago ya gaya musu tun da safe: a rage rassa, a janye kara nesa da gindi kafin a sa wuta, diga kuma a bar ta a gida.