Ribar yau da ribar gobe

Ƴan uwa, kowa ya shiga sana'a riba yake nema. Amma riba iri biyu ce. Akwai ta yau, akwai ta gobe. Wani lokaci ta yau ita ke kashe ta gobe. Bari mu ɗauki misali da albasa.

Garin Galmi yana cikin jihar Tawa, bisa hanya tsakanin Ƙwanni da Madawa. Albasar Galmi ta yi suna. Manyan motoci na ɗaukar ta zuwa Gana, Kwaddebuwa, Togo da Benin. Wanga suna ba rana ɗaya aka same shi ba. Shekaru da yawa manoma suka yi suna zaɓen iri mai kyau.

Ita albasa, irinta ma sai da haƙuri. Bana ka samu kwano. Ka zaɓi masu kyau ka ajiye. Baɗi ka sake dasa su, su yi fure, sannan ka samu iri. Wanda ya saida duka don ya ga kuɗɗi, baɗi sai ya sayi iri a kasuwa, bai san asalinsa ba.

Haka zancen taki. In an cika wa albasa takin zamani, tana yin manyan kwano, buhu ya cika da wuri. Amma ba ta jimre ajiya, da wuri take ruɓewa. Wanda ya kai ta nesa ya tarar ta lalace, ba ya komowa wurinka. Haka wanda ke sa ruɓaɓɓa ƙasan buhu, masu kyau a sama. Ya ci riba sau ɗaya, ya rasa mai saye har abada.

Sai zancen lokacin saidawa. Cikin watan Maris da Afrilu ake cire albasa mai yawa. Kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. Bayan ƴan watanni albasa ta yi wuya, farashi ya tashi. Shi ya sa manoma ke gina rudu don ajiya.

Ga lissafi na misali. Kana da buhu 10. In ka saida yanzu jikka 10 kowane buhu, ka samu jikka 100. In ka ajiye, a ce buhu 3 sun lalace, saura 7. Ka saida jikka 20 kowane buhu, ka samu jikka 140. Ka fidda jikka 15 na gyaran rudu. Saura jikka 125. Kun gani ke nan.

Amma a yi hattara. Ba kowace shekara farashi ke tashi yadda ake so ba. Kuma mai iyali yana da bukata yau: abinci, magani, biyan bashi. Ba a ce ka ajiye duka ba. Raba amfaninka kashi uku: na saidawa yanzu, na ajiya, da na iri. In kuna cikin ƙungiya, ajiya tare ta fi sauƙi.

Wannan darasi ba na masu albasa kaɗai ba ne. Mai ƙosai, mai tebur, maɗinki, duk ɗaya ne. Tambayi kanka: nan da shekara 3, ina nake son sana'ata ta kai? Rubuta amsar cikin littafinka, tunda yanzu ka iya rubutu. Rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Kada ka taɓa uwar kuɗɗi. Kada ka saida amana don ribar kwana ɗaya. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Tambayoyi

1. Me ya sa farashin albasa ke faɗuwa a watan Maris?
2. Kashi nawa ya kamata a raba amfani?
3. A cikin sana'arka, mene ne irin da bai kamata ka saida ba?