Ciwon Kan 'Yan Makaranta: Hannu Ma Magani Ne

Da yawa cikinmu mun sayar da masara da citta mun aika da 'ya'yanmu karatu Kaduna. Waɗansu suna Foliteknik a Tudun Wada ko Unguwar Rimi, waɗansu suna Jami'ar Jihar Kaduna wadda aka kafa a 2004, waɗansu kuwa suna wurin dangi a Kawo ko Malali suna sakandare. Da jarrabawa ta matso sai saƙo ya iso gida: "Baba, ciwon kai ya hana ni karatu, a aiko da kuɗin magani."

Yawancin wannan ciwo na gajiyar wuya ne. Yaro yakan ji kamar an ɗaure masa kai tamau da igiya, hagu da dama, ba zazzaɓi, ba amai. Yakan yi rabin awa, wani lokaci har kwanaki. Nauyin kan babban mutum wajen kilo 5 ne. Wanda ya sunkuya bisa littafi ko waya awa huɗu, naman wuyansa da kafaɗunsa suna riƙe da wannan kaya ba hutawa, kamar mai noma da gajeriyar fartanya da bai miƙe ba tun safe. Rashin barci, da yunwa, da fargabar jarrabawa sukan ƙara.

Masu gashin ƙashi a asibiti sukan rage irin wannan ciwo da tausa. Mu ma muna iya koyon mai sauƙin ciki, mu koya wa yaranmu in sun zo hutu.

Da fari yaro ya zauna a kujera. A shafa man kaɗanya kaɗan, a kama naman da ke tsakanin wuya da kafaɗa, a riƙa matsawa ana saki kamar mai kwaɓa gari, minti 2 kowane gefe.

Sa'an nan ya kwanta rigingine. A sa kan yatsu a ƙeyarsa, daidai inda ƙashin kai ya ƙare, a bar nauyin kansa ya sauka bisa yatsun minti 3.

Daga nan a murza gefen goshi da muƙamuƙi a hankali. A ƙarshe shi da kansa ya karkata kunne wajen kafaɗa, ya ƙirga 20, ya koma ɗaya gefen. Kada a fizgi wuya ko a murɗa shi don ya yi ƙara.

Amma 'yan'uwa, ba kowane ciwon kai ake tausawa ba. In akwai zazzaɓi da sandarewar wuya, musamman da bazara, a tuna da sanƙarau da ya yi mana ɓarna a 1996, a garzaya asibiti, kamar na Barau Dikko. Haka kuma in ciwon ya faɗo farat ɗaya da tsanani, ko ya biyo bayan faɗuwa, ko ya zo da amai. In rubutun allo ba ya fita sosai, a je Asibitin Ido na Ƙasa da ke Kaduna.

Mu gargaɗe su kan ƙwaya kuma. Wanda yake shan farasitamol kwana 15 ko fiye a wata, maganin da kansa yana iya jawo masa ciwon kai. Gara su riƙa miƙewa bayan kowace rabin awa, su sha ruwa, su yi barci isasshe.

A taron ƙungiya mai zuwa, bari mu gwada tausar nan a kan juna tukuna, maza da maza, mata da mata. Abin da hannu ya saba, shi za mu iya koya wa yara.