Martanin maƙwabciyar ƙasa kan zaɓe: yaushe yake cancantar shafi a Wikipedia?

Duk wanda ya san Ƙauran Namoda, Shinkafi ko Zurmi ya san cewa labarin Nijar labarin gida ne. Ga auratayya, ga cinikin dabbobi da hatsi. Shi ya sa idan an yi zaɓe a Yamai ko Abuja, matasa kan so su san me ɗaya ɓangaren ya ce, wasu ma su ɗauki waya su buɗe masa shafi a Wikipedia. Bayan 'yan kwanaki sai a tarar an goge shafin, an yi asarar data da lokaci. Me ke jawo haka?

Wikipedia kundin ilimi ne, ba jarida ba. Jarida na ba da labarin yau, kundin ilimi kuwa yana adana abin da za a nema ko bayan shekara goma. Kafin batu ya samu shafin kansa, sai ya cika sharuɗɗa uku: majiyoyi amintattu sun yi bayaninsa da zurfi, majiyoyin ba na masu batun ba ne, kuma an ci gaba da maganarsa bayan ƙura ta lafa. Saƙon da ake yaɗawa a WhatsApp ko rubutun wani a Facebook ba ya shiga wannan lissafi.

Misali na farko: a ranar 21 ga Fabrairu 2021 aka yi zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasar Nijar, Mohamed Bazoum ya kayar da Mahamane Ousmane. Shugaba Muhammadu Buhari ya taya shi murna. Hakan ya faru, kafofin labarai sun ruwaito. Amma saƙon taya murna al'ada ce tsakanin shugabanni, kuma yawancin rahotannin sanarwar fadar gwamnati suka maimaita. Jimla ɗaya a cikin shafin zaɓen, ƙarƙashin sashen martani, ta wadatar.

Misali na biyu ya fi nauyi. A ranar 31 ga Janairu 2019, gwamnonin Maraɗi da Damagaram sun halarci gangamin yaƙin neman zaɓen Buhari a Kano. Jam'iyyar PDP ta yi tir da zuwan nasu, ta kira shi katsalandan, APC ta kare kanta, jaridu suka yi kwanaki suna sharhi. A nan akwai gardama da majiyoyi daban-daban, don haka ya cancanci sakin layi guda a shafin zaɓen 2019, tare da bakin kowane ɓangare. Sai dai bai sauya tafiyar ƙasashen biyu ba, shafi na musamman ya yi masa yawa.

Don a ga irin martanin da ke cika ma'auni, a dubi abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar. Ba zaɓe ba ne, amma darasin ɗaya ne. Najeriya ta rufe iyaka, ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, ba ta buɗe iyakar ba sai a watan Maris 2024. Watanni aka yi ana nazari a kai, kuma 'yan kasuwar garuruwan kan iyaka sun ji a jikinsu. Wannan martani ne mai aiki da sakamako, ba magana kawai ba.

Saboda haka, kafin ka danna maɓallin ƙirƙirar shafi, duba ko akwai shafin zaɓen tukuna. Idan akwai, ƙara bayaninka a ciki, ka haɗa da mahaɗin majiyar, kamar rahoton BBC Hausa, RFI ko Aminiya. Ka rubuta wane ne ya faɗi me da kuma ranar, ka bar ra'ayinka a gefe. Idan wani edita ya cire rubutun, kada ka mayar da shi da ƙarfi, ka je shafin tattaunawa ka kawo hujja. A Wikipedia ta Turanci, muhawarar goge shafi kan ɗauki kwana bakwai, kuma ƙarfin hujja ake dubawa, ba yawan masu goyon baya ba.

Datar da za a ƙona kan saƙon taya murna, gara a kashe ta wajen inganta shafukan gida: tarihin tashar jirgin ƙasa ta Ƙauran Namoda, kasuwar Shinkafi, ko masarautar Zurmi.