Shin Ko Kun San? Fentin Motar da Zai Jure Ranar Gaya da Ƙurar Ajingi

Shin ko kun san cewa baƙin fenti yana shanye kusan duk hasken ranar da ya sauka a kansa? A wani binciken da aka wallafa a 2011, masu bincike na cibiyar Lawrence Berkeley da ke Kalifoniya a Amurka sun ajiye motoci biyu ƙirar Honda Civic a rana, ɗaya baƙa, ɗaya ruwan azurfa. Baƙar kashi 5 cikin 100 kacal na hasken take mayarwa, ta azurfar kuwa kusan kashi 60. Da aka auna, rufin baƙar ya fi na 'yar'uwarta zafi da abin da ya kai digiri 25, iskar cikinta kuma ta fi zafi da digiri 5 zuwa 6. Wannan fa a Kalifoniya ke nan. Gaya da Ajingi suna wajen digiri 12 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, inda rana ke tsayawa daidai tsakar ka sau biyu a shekara, a watan Afrilu da watan Agusta, kuma zafin bazara kan haura digiri 40 a inuwa. Duk wanda ya taɓa barin baƙar mota a bakin kasuwa daga hantsi zuwa azahar, ya dawo ya kama sitiyari, ba ya bukatar a karanta masa sakamakon bincike.

Ko kun san cewa duk fentin da ke jikin motarku, daga ƙarfe zuwa sheƙin da ido ke gani, kaurinsa bai wuce na gashin kai ɗaya ko biyu ba? Kuma hawa-hawa ne. Da farko ana tsoma gangar jikin motar cikin wani ruwan fenti da lantarki ke manna shi a kowane lungu don hana tsatsa. Sai firama, sai launi, sai a rufe da wani shafi garai-garai marar launi wanda masu fenti ke kira kiliya. Wannan na saman shi ke tare zafin rana, shi ke ba da ƙyalli, shi ne kuma ke fara mutuwa. Idan kuka ga rufin mota ko bonet ya yi fari-fari yana ɓarewa, kiliyar ce ta tashi, kuma babu folish ɗin da zai dawo da ita. Sai dai a sake feshi.

A nan ne ya kamata mai niyyar riƙe mota shekara goma ya tsaya ya yi tunani. Motocin da aka ƙera tun daga shekarun 1980 zuwa yau galibinsu suna da wannan shafi na sama, kuma iri ɗaya ne a kan farar mota da baƙa da ja. Bambancin yana ga abin da ke ƙarƙashinsa. Launi mai duhu yana dafa kiliyar daga ƙasa kullum rana ta fito, dare ya yi ta huce, gobe a sake, har ta gaji. Mai haske ba ya gasa ta haka. Ga shi kuma ko sun tsufa tare, mai duhun ne ke tona asiri: kowane ƙarce, kowane tabon ruwa, kowace lotsawa sai ta fito fili.

Shin ko kun san cewa ja ne launin da aka fi sani da saurin koɗewa? Ja yana bayyana ja ne don yana shanye ɓangaren hasken da ya fi ƙarfi, wato shuɗi da abin da ke gaba da shi wanda ido ba ya gani, kuma wannan hasken ne ke farfasa sinadarin launi. Shi ya sa tsofaffin jajayen Golf da ke jigila tsakanin ƙauyuka suka koma wani launi tsakanin ja da fari. Jan fentin kamfani na zamani ya fi na da juriya ƙwarai, amma jan da aka fesa a garejin bakin titi da fenti mai araha, ku ba shi bazara biyu ku gani.

Fari kuwa sinadarinsa daga ma'adini yake, ana kiransa titaniyam dayoksaid, kuma rana ba ta cin launinsa yadda take cin na sauran. Kamfanin fenti na Axalta, wanda ke fitar da ƙididdigar launukan motoci duk shekara, ya nuna fari ne kan gaba a duniya tun 2011, kusan mota ɗaya cikin kowace uku. Ku dubi Hilux ɗin ma'aikatu da na ƙungiyoyin agaji da motocin asibiti da ke shiga ƙauyukanmu lokacin rigakafi. Masu sayen mota da yawa lokaci guda sun daɗe da yin lissafinsu: fari ya fi araha, ya fi sauƙin gyara, kuma ba ya wuyar sayarwa idan an gama da shi.

Amma fa fari ma suna ya tara. Akwai fari zalla, akwai mai walƙiyar lu'ulu'u wanda ake fesawa hawa uku da garin wani dutse mai sheƙi a tsakiya. Na biyun ya fi kyau a ido, ba musu. Ranar da ɗan acaɓa ya goge muku ƙofa ne za ku gane tsadarsa, domin haɗa shi ya yi daidai da na asali aiki ne da ke ba ƙwararru ma wuya, kuma ƙofar da aka gyara takan fita daban idan rana ta haska. Fari zalla kuwa, duk mai fentin da ya san hannunsa zai haɗa shi. Wani abin kuma: a 2019 kamfanin Toyota ya fito da shirin sake fenti kyauta a Amurka ga wasu motocinsa ƙirar 2008 zuwa sama, ciki har da Camry da Corolla da RAV4, saboda fararen fentinsu masu lamba 040 da 070 suna ɓarewa daga jikin ƙarfe. Irin waɗannan motoci da yawa sun shigo ƙasar nan a tokumbo. Wanda zai sayi fara ta wannan zamanin ya hau ya duba rufi da gefen gilashin gaba kafin ya biya dillali la'ada.

Af, ko kun san cewa kowace mota tana da lambar fentinta? A Toyota tana kan wata 'yar takarda da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, bayan haruffan C/TR. Lamba 202 baƙi ce, 1F7 ruwan azurfa. Ku rubuta taku ku ajiye. Zuwa wurin masu haɗa fenti a Kano da lamba ya fi zuwa da bayanin baki, wai "irin ash ɗin nan mai ɗan haske."

Shin ko kun san cewa ƙurar da ke lulluɓe motocinmu daga Nuwamba zuwa Fabrairu baƙuwa ce? Kaso mai yawa nata yana tasowa ne daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, busasshen gindin tsohon tafki, iskar hunturu ta kwaso ta ta sauke mana. Tana haɗuwa da rairayin jigawa irin na Ajingi, wanda ƙwayoyinsa sun fi kiliyar mota tauri nesa ba kusa ba. To ga abin da ke faruwa kowace safiya a ƙofar gidaje da tashoshi: yaro ya ɗauki busasshen tsumma ya bi jikin mota yana gogewa, maigida yana kallo yana jin daɗi an yi masa hidima. Wannan gogewar kankarar fenti ce. Zane-zanen da kuke gani zagaye-zagaye a jikin baƙar mota idan ta tsaya a rana, aikin tsumman nan ne. Gara a bar ƙurar a kai har a samu ruwa, a fara kwarara shi ya tafi da yashin, sannan a sa hannu.

Launin da ya fi ɓoye wannan ƙura shi ne wanda ya fi kama da ita: ruwan azurfa, ruwan toka mai haske, ruwan madara, da ruwan gwal irin na tsofaffin Camry. Baƙa da shuɗiya mai duhu a wanke su da safe, kafin la'asar sun koma gidan jiya. Fara ma tana da nata rauni, domin da damina ta kama, jan taɓon hanyoyin burji yana fitowa ƙarara a gefenta. Ruwan azurfa ne ke tsallake dukkan biyun, kodayake shi ma akwai garin alminiyam a cikinsa, wanda ke sa facinsa ya ɗan fi na fari zalla wuya.

Omo da Klin na wankin tufafi ne, ba na mota ba. Suna wanke ɗan kakin folish da ke kare fenti, su bar shi tsirara. Ruwan burtsatse mai gishiri-gishiri kuma idan ya bushe a jikin mota mai zafi yana barin tabo, saboda haka wankin mota na safe ne ko na yamma, a inuwa. Inuwar ma a zaɓa. Gindin darbejiya akwai sanyi, amma kashin tsuntsu da na jemage da ke zuba daga sama yana cin kiliya cikin 'yan kwanaki idan rana ta gasa shi a kai. Rumfar kwano ko ta zana ta fi.

Shin ko kun san cewa launi yana da hannu a haɗari? A 2007 cibiyar binciken haɗura ta Jami'ar Monash a Ostareliya ta gano cewa da rana baƙaƙen motoci sun fi farare shiga haɗari da kashi 12 cikin 100, masu ruwan toka da kashi 11, masu ruwan azurfa da kashi 10. Da asuba da magariba kuwa tazarar baƙar ta kai kashi 47. Wato ruwan azurfar da muka gama yabo a kan ƙura, a nan ya faɗi, don yana sajewa da kwalta da hazo. Wani binciken na 2017 a Singafo ya nuna tasi masu ruwan ɗorawa sun fi shuɗɗa ƙarancin haɗari da kusan kashi 9. Duk mai bin hanyar Wudil zuwa Gaya da ta zarce Dutse a yammacin Juma'a, ranar kasuwar Wudil, cikin hazon hunturu, ga amalanke ga shanu ga babura, ya san amfanin a hango shi daga nesa.

Ko kun san cewa akwai launin da doka ta hana? Tun 1977 aka haramta wa farar hula a Nijeriya fenta mota da koren soja. Haka nan duk wanda ya sauya wa motarsa launi wajibi ne ya sanar da ofishin lasisi a gyara takardu, in ba haka ba takarda ta ce fara, ido ya ga baƙa, sai dogon bayani a shingen 'yan sanda. Ruwan ɗorawa kuma a jihar Kano ya zama tambarin A Daidaita Sahu, mai motar gida ba ya sha'awarsa duk da amfaninsa a hanya.

Wani ɗan tarihi. Daga 1914 zuwa 1925 kamfanin Ford a Amurka baƙin fenti kaɗai yake yi wa motarsa Model T, saboda a lokacin shi ne mai araha kuma mai ƙarko. Sai kamfanin DuPont ya fito da fentin Duco mai saurin bushewa, aka fara sa shi a motar Oakland ta 1924, shuɗiya, daga nan launuka suka ɓarke. Wato akwai zamanin da baƙi ne zaɓin mai son abu ya daɗe. Kimiyyar fenti ce ta juya lissafin. Mutanen Gaya kuma ba baƙin ƙarfe ba ne: tarihin baka ya ce wani maƙeri mai suna Kano ne ya taso daga Gaya ya je Dala neman tama, kuma Abagayawa na Kano daga nan suke danganta asalinsu. Jikokin maƙera ba sai an gaya musu ba, aikin fenti na farko shi ne raba ƙarfe da ruwa. Duk inda ya fashe har ƙarfe ya bayyana, a taɓa wurin kafin damina, ko da launin bai yi daidai ba.

Shin ko kun san dalilin da ya sa dillalai ke rantsuwa a kan "fes bodi", wato fentin kamfani na asali? A masana'anta ana gasa fenti a zafin da ya kai wajen digiri 140, tun ba a sa waya ko roba ko kujera ba. Motar da aka riga aka harhaɗa ba za ta jure wannan ba, shi ya sa ɗakin gashin gareji mafi kyau ma wajen digiri 60 yake tsayawa, balle wanda ya yi feshi a fili iska na kaɗo masa yashi. Saboda haka fentin kamfani da ya ɗan dusashe ya fi sabon feshi mai ɗaukar ido. Idan za ku sayi ta hannu, ku je da rana tsaka, kada ku yarda da duba mota da magariba ko tana jiƙe. Ku duba robar gefen gilashi da cikin ƙofofi ko akwai feshin da ya tsallaka. Ku bi ƙofofi da ɗan maganaɗisu a naɗe cikin ƙyalle: inda ya ƙi kamawa, fila aka cika. Bamba dai roba ce, ba za ta kama ba ko lafiyarta ƙalau.

To, Alhaji mai shirin sayen motar da za ta kai yara makaranta har su gama sakandare, ga hukuncinmu. Idan motar za ta riƙa kwana a waje tana wuni a rana, fari zalla ne na ɗaya: ya fi sanyi, ya fi fitowa a hanya, ya fi arahar faci. Ruwan azurfa ko ruwan gwal mai haske na biye, musamman ga wanda hanyarsa ta burji ce kuma ruwan wanki ke masa wuya. Baƙa da ja da shuɗiya mai duhu a bar wa mai gareji da rufi da na'urar sanyaya mota mai aiki. Idan kuma aka ajiye muku biyu, baƙa mai fentin kamfani da fara wadda aka sake wa feshi ba ku san hannun wa ba, ku ɗauki baƙar, ku kafa mata rumfa.