Cacar Ajali da Jita-jitar Mutuwa: Yadda Labarin Rasuwa Yake Yawo Jiya da Yau a Tudun Jukun, Zariya

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa mutuwa rigar kowa. Amma duk da haka Bahaushe bai ɗauki labarinta abin da kowa zai faɗa yadda ya ga dama ba. Akwai wanda ya kamata ya faɗa, akwai wanda ya kamata ya fara ji, akwai kuma kalmomin da ake faɗa da su. Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana wani wasa na Turawa da ake yi a intanet, wanda ake hasashen mutuwar mashahuran mutane a cikinsa, sa'an nan a kwatanta shi da ladubban sanar da rasuwa a ƙasar Hausa. An ɗauki unguwar Tudun Jukun ta Zariya a matsayin misali, domin a ga abin da ya sake tun daga zamanin ɗan aike har zuwa zamanin wayar hannu, da kuma abin da ake gudun a rasa.

2.0 Ma'anar Cacar Ajali da Asalinta

Abin da aka kira cacar ajali a nan wasa ne da kowane ɗan wasa zai rubuta sunayen mashahuran mutane waɗanda yake zaton ba za su ga ƙarshen shekara ba. Akan miƙa sunayen kafin ranar 1 ga Janairu. Duk sa'ad da wani daga cikin waɗanda aka rubuta ya mutu, sai a ba wanda ya rubuta shi maki. Ranar 31 ga Disamba a haɗa lissafi, wanda ya fi maki shi ya ci. Wasu don nishaɗi kawai suke yi, wasu kuwa har kuɗi suke zubawa.

Wasan ya girmi intanet nesa ba kusa ba. A shekarar 1591 Fafaroma Giregori na 14 ya haramta yin caca a kan zaɓen Fafaroma da tsawon zamaninsa, abin da ke nuna cewa mutanen Rum sun riga sun saba da yi. A Ingila kuwa, cikin ƙarni na 18, masu hali sukan sayi inshora a kan ran wani babban mutum da ba su da dangantaka da shi, musamman in sun ji yana jinya, domin su karɓi kuɗi in ya mutu. Wannan ne ya sa majalisar ƙasar ta yi doka a 1774 wadda ta hana mutum sayen inshorar ran wanda mutuwarsa ba za ta jawo masa wata hasara ba.

A zamanin nan, ɗaya daga cikin sanannun wasannin shi ne DeathList, wanda wasu ɗaliban Jami'ar Warwik ta Ingila suka fara a 1987, daga baya ya koma intanet. Kowace shekara akan fitar da sunaye 50. Sharaɗin shiga jerin shi ne mutum ya shahara har yadda kafofin watsa labarai na Birtaniya za su ba da labarin mutuwarsa, kuma ba a maimaita fiye da sunaye 25 daga jerin bara. A wasu wasannin dabam, akan cire shekarun mamaci daga 100, abin da ya rage shi ne makin. Watau tsoho ɗan shekara 85 maki 15 yake kawowa, saurayi ɗan shekara 30 kuwa maki 70. Abin lura a nan shi ne, gwargwadon zafin rashin ga iyalin mamaci, gwargwadon ribar ɗan wasa.

Wasan yana da ƙafa ta biyu, watau rige-rigen kawo labari. Tun da maki bai tabbata sai mutuwa ta tabbata, 'yan wasa sukan bi diddigin labarin duk wanda ke kwance a asibiti, kuma wanda ya riga kowa kawo labarin cikawarsa yakan sami yabo wajen 'yan'uwansa.

3.0 Ladubban Sanar da Rasuwa a Al'adar Bahaushe

Tudun Jukun unguwa ce da ke kusa da Tudun Wada da Tukur-Tukur, kuma al'adar mutanenta game da mutuwa ita ce ta sauran Zazzagawa, wadda Musulunci ya yi wa jagora. Idan rai ya yi halinsa, ba a fara da shela. Akan sami dattijo ko malami ya tabbatar, sa'an nan a tashi 'yan aike zuwa ga iyaye da 'yan'uwa da surukai, a gaya wa liman da mai unguwa. Bayan haka ne ake sanar da jama'a a masallaci, a faɗi lokacin jana'iza. Da yake ba a jinkirta binne gawa, saurin isar da labari wajibi ne, amma saurin yana da tsari: na kusa kafin na nesa, babba kafin yaro.

Shi ɗan aiken ma ba kowa ake tura wa ba. Akan zaɓi mai hankali, wanda ya san yadda ake lallaɓa magana. In za a gaya wa uwa ko matar aure da ke wani gari, sau da yawa akan ce jikin wane ya tsananta, ana nemanta a gida. Sai ta iso cikin danginta a faɗa mata, inda akwai masu riƙe ta da masu ba ta haƙuri. Mai juna biyu da tsoho da majinyaci kuwa akan ɓoye musu har sai an ga lokacin da ya dace.

Harshen kansa shaida ne. Bahaushe bai cika cewa mutum ya mutu ba, sai dai ya ce ya rasu, ko ya cika, ko ya kwanta dama, ko ya riga mu gidan gaskiya, ko Allah ya yi masa rasuwa, ko wa'adi ya yi. Ga annabawa da manyan bayin Allah akan ce sun yi wafati. Kalmomi irin su sheƙawa da margayawa kuwa ba a faɗarsu a kan wanda ake ganin girmansa. Wannan sakaya zance tana nuna cewa ana tausaya wa mai ji, ana kuma kiyaye mutuncin wanda ya tafi. Bayan jana'iza sai zaman makoki na kwana uku, inda mai gaisuwa zai taka da ƙafarsa ya yi ta'aziyya, ya roƙa wa mamaci gafara, ya roƙa wa kansa kyakkyawan ƙarshe.

Game da hasashen mutuwar wani kuwa, Bahaushe mugun fata yake kiransa, ko mugun baki. Wanda ya ce wane ba zai kai baɗi ba, in abin ya faru, to ya shiga bakin duniya, har a riƙa zarginsa da maita ko sammu. Ta fuskar addini, aya ta 34 ta Suratu Luƙman ta sanya sanin inda rai zai mutu cikin abubuwan da Allah ya keɓe wa kansa, aya ta 90 ta Suratul Ma'ida kuma ta haramta caca. Saboda haka cacar ajali ta haɗa abubuwa biyu da Bahaushe ke ƙyama, watau shisshigi cikin gaibu da cin kuɗin caca.

4.0 Daga Ɗan Aike Zuwa Wayar Hannu

Hanyoyin zamani na farko ba su rushe wannan tsari ba. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana editanta na Hausa, ta kai labarin rasuwar sarakuna da malamai har ƙauyuka. Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945 ba shi da nisa da Tudun Jukun. Gidan rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, ya ƙara wa labarin sauri, har sanarwar rasuwa ta zama abin da magidanta ke kasa kunne su ji. Sai dai a duk waɗannan akwai mai tsaron ƙofa. Edita ba ya buga labari sai ya san tushensa, gidan rediyo kuma yakan karɓi sanarwa ne daga dangin mamaci, a ambaci sunan wanda ya bayar a madadin iyali.

Wayar hannu ta bazu a Nijeriya daga 2001, daga baya Facebook da WhatsApp da TikTok suka shigo. Amfaninsu a fili yake. Ɗan Tudun Jukun da ke Ikko ko Jidda yakan ji rasuwar maƙwabcinsa kafin a gama wanka, mutanen da a da sai dai su zo gaisuwa yanzu sukan sami sallar gawa. Ranar Lahadi 20 ga Satumba 2020, da Sarkin Zazzau Shehu Idris ya rasu a Kaduna bayan shekara 45 a kan gadon sarauta, labarin ya game ƙasa cikin ɗan lokaci, jama'a masu ɗimbin yawa suka hallara a Zariya aka yi jana'izarsa a ranar. Amma tare da wannan amfani, mai tsaron ƙofa ya kau. Kowane mai waya ya zama sankira, ba kuwa wanda ya naɗa shi.

5.0 Kashe Mutum da Ransa

Jita-jitar mutuwar manya ta girmi wayar hannu. Cikin Nuwamba 1989 kafofin labarai na Nijeriya sun ba da labarin mutuwar Dokta Nnamdi Azikiwe, alhali yana raye, bai kuwa rasu ba sai 11 ga Mayu 1996. A Amurka ma, cikin Afrilu 2003, an ga tarihin rasuwa da gidan talabijin na CNN ya shirya ya ajiye domin mutane irin su Nelson Mandela da Fidel Castro ya fito fili bisa kuskure, suna nan da ransu.

Cikin Maris 2007, ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe, aka baza cewa Umaru Musa 'Yar'aduwa ya rasu a Jamus, har sai da Shugaba Obasanjo ya kira shi a waya a gaban taro jama'a suka ji muryarsa. Cikin Janairu 2010, yana jinya a Saudiyya, sai da ya yi magana da BBC kafin wata jita-jitar ta lafa. Ya rasu ranar 5 ga Mayu 2010. Haka aka yi wa Muhammadu Buhari a 2017 sa'ad da ya yi fiye da kwana 100 yana jinya a Landan, har aka ƙaga cewa wani mutumin Sudan mai suna Jibrin aka sa a madadinsa, abin da ya fito ya ƙaryata da bakinsa cikin Disamba 2018. Ajalinsa bai zo ba sai 13 ga Yuli 2025. 'Yan wasan Hausa ma ba su tsira ba. An sha yaɗa mutuwar Rabilu Musa Ibro kafin rasuwarsa ta gaskiya ranar 10 ga Disamba 2014.

A ɗaya gefen kuma, waɗanda ba wanda ya kawo wa zato su ne suka tafi farat ɗaya. Ahmad S. Nuhu ya rasu a haɗarin mota a Azare ranar 1 ga Janairu 2007 yana kan ganiyar samartakarsa. Saratu Giɗaɗo, wadda aka fi sani da Daso, ta kwanta bayan sahur ranar 9 ga Afrilu 2024 ba ta tashi ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna raunin lissafin masu hasashe.

Dalilan yaɗa irin wannan ƙarya uku ne. Na farko siyasa, domin mutuwar mai mulki tana nufin buɗewar kujera, kuma ɓoye halin da shugaba ke ciki yakan ba jita-jita wurin zama. Na biyu kuɗi, domin kamfanoni irin su YouTube da Facebook suna biyan masu shafi gwargwadon yawan masu kallo, ba kuwa labarin da ke jan jama'a kamar hoton sanannen mutum da salati a ƙarƙashinsa. Na uku son a ce wane ne ya fara faɗa. Dalili na biyu da na uku su ne ainihin ƙafafun cacar ajali. Watau ko da yake wasan baƙo ne ga Bahaushe, halin da ke cikinsa, na mai da mutuwar wani abin riba da gasa, ya riga ya shigo.

6.0 Abin da Ake Hasara

Illar ba ta tsaya ga mashahurai ba. A unguwa irin Tudun Jukun, inda ɗalibai da ma'aikata da direbobi ke yawan bin hanyar Kaduna da ta Kano, ya zama ruwan dare a ɗauki hoton waɗanda suka yi haɗari a watsa tun gawa tana bakin titi. Ta haka uwa takan ga fuskar ɗanta a wayar maƙwabciya kafin ɗan aike ya iso, babu mai riƙe ta. Suturar da likkafani ke yi wa mamaci ta yaye ke nan. Haka kuma, in ƙarya ta yi yawa gaskiya takan rasa masu yarda, har a yi rasuwa ta hakika mutane su tsaya jiran tabbaci jana'iza ta wuce su. Ta'aziyya ma tana neman komawa rubutun layi ɗaya a waya, maimakon takawa zuwa gidan makoki.

7.0 Kammalawa

An ga cewa cacar ajali tsohuwar ɗabi'a ce a Turai wadda intanet ta raya, an kuma ga cewa al'adar Bahaushe da addininsa sun yi hannun riga da ita. Musulunci bai hana sanar da rasuwa ba, gama Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da sahabbai rasuwar Najjashi, sarkin Habasha, a ranar da ya rasu. Abin da aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta yi umurni da shi shi ne a bincika labari kafin a yi aiki da shi. Saboda haka ladubban da ɗan aike yake bi su ne suka kamaci mai waya: ya tabbatar daga bakin iyali, ya bari na kusa su fara ji, ya guji watsa hoton gawa, ya kuma zaɓi kalmar da ta dace. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Ya rage ga malamai da ɗaliban Hausa su tattara kalmomin rasuwa da gaisuwar makoki na kowace karkara, su rubuta su, su koyar da su, domin masu tasowa su san cewa faɗar mutuwa ma tana da nata ladabi.