Maigida, Ƙarar Yaronka Ba Ta Wasa Ba Ce

Duk wanda ya taɓa sauko da shanu ta Paga har kasuwar Tulaku, kusa da Ashaiman, ya san ba shi kaɗai ke wannan aiki ba. Akwai yaran da ke kwana cikin mota da dabbobi, akwai masu kora, akwai matan da ke yi mana girki a masaukanmu na Nima da Mamobi. Duk suna ƙarƙashin wani: maigida, ko dillali, ko babban yaronsa. To, su waɗannan shugabanni muke so a zaunar da su a koya musu yadda ake karɓar ƙarar cin zarafi.

Ga dalili. Dokar Ƙwadago ta Gana, mai lamba 651 ta shekarar 2003, ta ce a sashe na 63 in ma'aikaci ya bar aiki saboda musgunawar maigida, ko don ya yi ta kai ƙarar ana nemansa da lalata maigida bai yi komai ba, to daidai yake da an kore shi bisa zalunci. Yana iya zuwa Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa, ita kuma tana da ikon sa a biya shi diyya. Wato shirun maigida kansa laifi ne. Da yawa cikinmu ba mu san haka ba, mun saba da "yi haƙuri, ai wasa yake."

Abin koyarwar ba shi da yawa. In yarinya ta ce wane yana tare ta in dare ya yi, a saurare ta a keɓe, ba a tsakar zaure gaban baƙi ba, kuma da wata dattijuwa a kusa. A rubuta rana da abin da ta faɗa, ko da ajami ne. A raba su wurin aiki tun ranar, amma kada a ce ita za a sallama. Nan ne muka fi yin kuskure, musamman in wanda ake ƙara babban baƙo ne mai kawo shanu mota-mota, ana tsoron ya sauya masauki.

Zagi da hana ladan yaro, shugabannin ƙungiya na iya sasantawa. Duka da fyaɗe kuwa ba na sulhun zaure ba ne, na 'yan sanda ne, kuma suna da sashen DOVVSU na irin wannan ƙara. Wanda ya zo daga Nijar ko Burkina ba ya jin Turanci, maigidansa ya haɗa shi da tafinta su je tare.